Yadda Ake Raɗa wa 'Ya'yan Darar Ces Suna a Ƙagaggen Harshe

Da farko, ka tsara yadda al'ummar da ka ƙaga wa harshen take mulki da yaƙi, domin daga nan sunayen za su fito. A Indiya, inda wasan ya samo asali wajen ƙarni na 6, rundunar ta ƙunshi giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Da ya isa Turai, sai giwa ta koma limamin coci a Ingila, waziri kuma, wato ɗan da ke kusa da sarki, ya zama sarauniya.

Bayan haka, ka dubi tafiyar kowane ɗa a gidaje 64 na allon wasan, ka ba shi muƙamin da ya dace da ita. Masunta, alal misali, kwalekwale za su sa maimakon karusa.

Sannan ka gajarta sunayen, kowanne da harafin farko dabam, saboda sauƙin rubuta wasa.