Wannan ƙarfen mai naɗewa da ka tarar a akwatin kayan aikin Baba, ga yadda za ka gane shi

Idan mahaifinka ko kakanka kafinta ne kuma akwatin kayan aikinsa ya faɗo hannunka, toh akwai wani abu da kusan kowa ke tsayawa a kansa: guntun katako mai tsawon kamar taƙi ɗaya, an yi masa baki da tagulla, sai wani siririn ƙarfe da ke naɗewa ya shige cikinsa kamar wuƙar aljihu. Da yawa sai su ɗauka sukwaya ce (ma'aunin kwana mai digiri 90) ta saki, wasu ma har su kai wa mai walda ya ƙafe ta, don Allah kar ka yi haka, lafiyarsa ƙalau haka aka ƙera shi. Bebul ne, aikinsa ɗauko kusurwa daga wani wuri a kai ta kan katako.

Fara da ƙarfen. Buɗe shi ka duba, in bebul ne za ka ga doguwar tsaga a tsakiyarsa wadda take ba shi damar zamewa gaba da baya, kuma yawanci bakinsa ɗaya an yanke shi a karkace, digiri 45. Babu lambobi a jikinsa, ba inci ba digiri, kuma ba gogewa suka yi ba, shi dama ba ya faɗa maka kusurwa nawa ce, riƙe ta kawai yake yi. In ka ga ƙarfen a ƙafe yake da rivet ba ya motsi kuma a tsaye cak, wannan sukwaya ce. In a ƙafe yake amma a karkace, na yankan 45 ne na haɗa kwanar firam.

Sai makullin, wato abin da ke ɗaure ƙarfen. Wani noti ne mai kunnuwa biyu da ake murɗawa da yatsa, wani ɗan hannun tagulla ne da ake kwantarwa, tsofaffin na Ingila da yawa kuma sukuru ne kawai sai ka sa sukundireba. Akwai wanda marikinsa gaba ɗaya ƙarfe ne kuma abin murɗawar yana can gindinsa, irin na kamfanin Stanley lamba 18 kenan, ni shi na fi so saboda ko ta wane gefe ka kwantar da shi a kan katako babu abin da ke tokare shi. Lamba 25 ɗinsu kuma marikin katako ne.

Yanzu tambari, nan ne za ka san shekarunsa. Shafa kananzir a ƙarfen ka bar shi ya ɗan jiƙa, ka goge da tsumma, sai ka karkata shi a rana ka duba kusa da tsagar da kuma jikin tagullar. In ka ga Stanley da ƴar zuciya mai SW a ciki, ƙirar wajen 1920 zuwa 1935 ce daga New Britain a Amurka. In Stanley ne amma an rubuta an yi shi a Ingila toh bayan 1937 ne, don a shekarar kamfanin ya sayi masana'anta a birnin Shafil (Sheffield). Kamfanin Marples ma na Shafil ne, alamarsu ganye mai kai uku. Haruffa biyu ko uku da aka buga a katakon marikin ba na kamfani ba ne, sunan mai shi ne, kafintocin zamanin da suna bugawa don kar kayansu su cakuɗe da na abokan aiki, kuma in ka ga suna biyu daban ka san ya bi hannu fiye da ɗaya kafin ya zo gidanku.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya kai shi injin giranda wai yana cire tsatsa, minti ɗaya tambarin ya tafi kuma gefen ƙarfen ya daina miƙewa, shikenan an kashe shi. Samfefa mafi laushi da ɗan mai ta isa, a hankali. In notin ya cije kar ka sa filaya da ƙarfi, tagulla ba ta da tauri, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana.

Gwada shi kuwa ba wuya. Sassauta makullin, jingina marikin a jikin bango ɗaya na kwanar da ba ta zauna daidai ba, ka tura ƙarfen har ya kwanta a ɗayan bangon, ɗaure, ka ɗauko a hankali ka ɗora a gefen katako ka ja layi da fensir. Haka ake ɗauko gangaren rafta in za a yi wa rufin kwano ƙari, haka ake ɗauko karkatar ƙafar kujera da ta karye daga ƴar uwarta mai lafiya. In bayan ka ɗaure ka taɓa ƙarfen da yatsa ya motsa, kwance shi ka share dattin da ya taru a cikin tsagar marikin, ka duba ko washa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin notin, ta ɓace, sannan ka sake ɗaurewa.