Yadda ake shigar da hokin ƙanƙara ƙasar da ba a saba da shi ba

To jama'a duk mai son kai wasan hokin ƙanƙara wata ƙasa, don Allah kar ya zaci wasa ɗaya na nuni zai gama aikin. NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ta kai ƙungiyoyin Los Angeles Kings da Vancouver Canucks China a 2017, suka buga a Shanghai da Beijing, a 2018 ta sake kai Boston Bruins da Calgary Flames, amma da aka zo Olamfik ɗin Beijing na 2022 yawancin 'yan wasan hokin China maza haifaffun Kanada da Amurka ne, abin nan har yau yana min ciwo wallahi.

Ka fara da fili da yara. Dubi Kenya, 'yan ƙungiyar Ice Lions a wani ɗan ƙaramin filin ƙanƙara cikin otal ɗin Panari a Nairobi suka koya, ba su da ma wata ƙungiyar da za su kara da ita sai junansu, a haka suka dage har kamfanin sayar da kofi na Tim Hortons ya kai su Kanada a 2018 suka buga tare da taurarin NHL Sidney Crosby da Nathan MacKinnon, a 2024 kuma Kenya ta shiga hukumar wasan ta duniya IIHF. Inda babu ƙanƙara a fara a kan siminti da takalmi mai taya, yaro ya saba riƙe sandar tukuna.

Sai kaya, nan ake karya iyaye. Takalmi, hular kwano, safar hannu, abin kare gwiwa da kafaɗa, ga yaro ƙafarsa kullum ƙara girma take, bana ka saya baɗi ya matse shi. Kulob ya tanadi kayan aro, ya kuma horar da kociyoyi 'yan ƙasa waɗanda ba za su tattara su tafi ba.

A gyara lokacin haska wasa a talabijin ma. Wasan ƙarfe 7 na yamma a Toronto ƙarfe 1 na dare ne a Jamus, wane ɗan makaranta zai jira? A yawaita na rana a ƙarshen mako, da sharhi cikin harshen 'yan ƙasar.

In ɗan gida ya fito kuwa a tallata shi sosai. Leon Draisaitl haifaffen birnin Kolon na Jamus ne, ya ci kyautar Hart ta gwarzon NHL a 2020, irinsa ake kaiwa filin yara lokacin hutu ya ɗaure musu igiyar takalmi da hannunsa.