Dogon hutu: ƙwallon yara da fita yawo

Iyaye, dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. In yaranku na zuwa horon ƙwallo, ku nemi na safe, bakwai zuwa tara. Ruwan Agusta ya fi son yamma, fili ya koma taɓo, ga Islamiyya na jira. Ku yi karɓa-karɓa da maƙwabta wajen kai su, kuɗin adaidaita ya ragu. Kowane yaro da gorar ruwansa.

Yawo kuma a bari sai ranar da babu horo, gajiya ke kawo rigima. Mu a Kano, Gidan Makama da Gidan Zoo sun wadatar. Dutsen Dala kam sai ranar da ba a yi ruwa ba, matakalar na santsi, ƙanana a riƙe musu hannu.