Yadda nake barin 'yan sikawut su kwana a gadon lilo

Ina goyon bayan a bar yara su kwana a gadon lilo, wato yadin kwanciya da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi biyu, idan an fita zango. Ba shi da nauyin tanti, kuma yana raba yaro da danshin ƙasa da kunama. Sai dai sharaɗina na farko tun a gida ake cika shi: wanda bai ɗaura gadonsa a gabana da rana ba, ya hau ya sauka ina kallo, to tanti zai shiga.

Da mun isa, bishiya muke fara dubawa, kuma sama nake sa su fara kallo kafin gindi. Busasshen reshe da ke rataye a kan mutum shi ne babban haɗari. Ba na yarda da giginya, don 'ya'yanta na da nauyi kuma ba sa sallama kafin su faɗo. Bishiyar turare ma takan saki reshe haka kawai. Darbejiya, tsamiya ko mangwaro masu rai sun fi, kaurinsu ya kai aƙalla santimita 15, tazararsu mita 3 zuwa 4 da rabi. A duba ko cinnaka na hawa jikinta, domin igiya hanya ce gare su.

Kada a ɗaura da siririyar igiya, tana yanka ɓawon bishiya. A nemi maɗauri mai faɗin santimita biyu da rabi ko fiye. Ga inda yara suka fi kuskure: sai su ja gadon ya miƙe tsaf, suna ganin hakan ne ƙarfi. Alhali jan nan shi ke ninka nauyin da ke kan maɗauri. A bar shi ya ɗan lotsa, maɗaurin ya karkato kamar digiri 30. Idan yaro ya zauna, tsayin gadon ya zama na kujera, ƙafarsa na taɓa ƙasa. Ƙungiyar sikawut ta Amurka ta hana tsayin gadon ya wuce ƙafa 3 daga ƙasa, ta kuma hana ɗaura gado a saman wani, ni ma a kan haka nake. A share duwatsu da kututture daga ƙarƙashi. Kwanciyar kuwa a karkace ake yi, kai gefe ƙafa gefe, sai baya ya miƙe.

Sanyi ta ƙasa yake shigowa. Bargon da yaro ya danne da bayansa ba ya riƙe ɗumi, iska na bi ta ƙarƙashi tana kwashewa. A hunturu, musamman wajen Jos, dole ya shimfiɗa siririyar katifa a ciki. Sauro ma yana cizo ta cikin yadin, don haka gidan sauro ya zagaye gadon har ƙasansa. Da damina a ja igiya a sama a rataya tamfol, a ɗaura ɗan zare a jikin kowane maɗauri don ruwan da ke gangarowa ya ɗiga nan.

Yaro ɗaya, gado ɗaya, kuma babu wasan lilo. Takalma a rataye su. Nakan kafa tanti guda don canza kaya da kuma wanda sanyi ya kora cikin dare. Masu gadon lilo su jeru wuri ɗaya, inda hasken tocilan ɗina zai kai gare su daga wurin kwanan manya.