Kurakuran da aka fi yi wajen gina ƙaramin gidan baje kolin zane da zai saje da muhallinsa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a turo katafila ta baje fili tun kafin mai zanen gini ya taka wurin da ƙafarsa, sannan idan an kammala a dasa 'yan itatuwa a bakin ƙofa a ce an mutunta muhalli. Gyaransa shi ne a bar tudu da kwari yadda aka same su, ginin ya bi su. A tsibirin Naoshima na ƙasar Japan, mai zanen gini Tadao Ando ya binne mafi yawan gidan baje kolin zane na Chichu, wanda aka buɗe a 2004, cikin tudu, domin kada ya ɓata kyan gabar tekun.

Akwai kuma masu ɗaukan cewa yawan gilashi shi ne kusanci da yanayi, alhali rana idan ta daki zane kai tsaye koɗar da launinsa take yi, zafin da ta tara kuma sai na'urar sanyaya ɗaki ta wuni tana fama da shi. A Chichu hasken rana daga sama yake sauka ta gefen rufi, ya bazu kafin ya isa ga zanen furannin bado guda 5 na mai zanen nan ɗan Faransa Claude Monet, don haka yadda mutum ya gan su da hantsi daban, da la'asar daban.

Cunkusa kaya ma kuskure ne. Gidan baje kolin tsibirin Teshima, shi ma a Japan, wanda mai zanen gini Ryue Nishizawa ya zana aka buɗe a 2010, aiki ɗaya tak ke cikinsa, na mai fasaha Rei Naito: ruwa yana tsattsafowa daga ƙananan huduji a daɓe, ɗigo ya gangara ya haɗu da ɗan'uwansa. Rufin kankare ne mai kaurin kusan santimita 25, babu ginshiƙi ko ɗaya, an zuba shi ne bisa tarin ƙasa sannan aka kwashe ƙasar daga ciki. Manyan kafofi 2 da ke rufin ba su da gilashi, iska da ruwan sama da kukan tsuntsaye duk suna shiga.

Sai dai a nan masu kwaikwayo ke tuntuɓe. Kafar rufi ta dace da Teshima ne saboda aikin da ke ciki ruwa ne. Wanda zai ajiye takarda ko saƙa ya buɗe rufi haka, damina ɗaya ta isa laima ta cinye masa su. A fara sanin abin da za a ajiye, sannan a yanke inda za a buɗe.