Yadda Ake Zuwa Mafaɗar Ruwan Assop a Yini Ɗaya

Assop na gefen hanyar Jos zuwa Akwanga, kusa da Hawan Kibo a jihar Filato. Daga titi tafiyar ƙafa kaɗan ce ta cikin kurmi, don haka yini ɗaya ya isa: a tashi da sassafe, a juyo kafin la'asar, bayan an tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki.

Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa na nan, laka ta ragu. A Agusta ruwan ya fi ban sha'awa, amma lokacin ya fi haɗari.

Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2, da ɗan abinci, da leda ta saka waya. A sa kambas mai tsage-tsage a ƙasa, ba silifas ba. Dutsen da ya yi kore ko baƙi yana sheƙi gansakuka ce a kansa, santsinta kamar kuɓewa. A taka busasshe kawai, hannu biyu ba kaya. Dogon wando ma dole ne, saboda baƙaƙen ƙananan ƙudajen da ke hayayyafa a ruwa mai gudu suna cizo da rana, galibi a ƙafa.

Kada a yi iyo daidai inda ruwan ke zubowa. Kumfa ba ta ɗaukar jiki, ruwan kuma juyawa yake yana jan mutum ƙasa. In ruwa ya fara yin ja, yana kawo ganye da kirare, a hau tudu nan take: an yi ruwa a saman dutse ke nan, ko da nan rana ake yi.