Yadda muka kafa ajin karatu a gidan yari

Na yi shekara uku ina jiran shari'a a wani gidan yari a Arewa kafin kotu ta sallame ni. Da ma malamin firamare ne ni, sai allo ya bi ni har can. Ga yadda muka yi, ko zai amfani wanda ke ciki, ko wanda ke da ɗan'uwa a ciki ya isar masa.

Ka fara da shugaban ɗaki. Ɗaurarre ne kamarka, amma shi ke raba wurin kwanciya, shi ke kashe rigima. In ka tsallake shi, ajinka ba zai kwana biyu ba. Idan ya yarda, ku je tare wurin jami'in walwala da takarda a rubuce: sunayen masu koyarwa, lokaci, da wurin zama. A gaban gandiroba kada ka ce "ƙungiya", don kalmar tana sa su zaci bore ake kitsawa. Ka ce aji. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari ta gyaran hali ta sa ilimi da koyon sana'a cikin aikinta, amma ka faɗi hakan da ladabi, ba kamar lauya ba.

Daga nan ka zagaya ka ji wa ya iya me. Mu mun samu tela, da mahaddacin Alƙur'ani, da wani tsohon akawu da ya riƙe lissafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda ke cewa ba su iya karatu ba, alhali sun yi makarantar allo. Kada ka mai da irin wannan mutum ɗan aji ɗaya, kunya za ta kore shi. Ka sa ya rubuta sunansa da ajami, kai kuma ka rubuta da boko a ƙasansa, harafi da harafi. Wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba, ta haka ya kai ga karanta ranar komawarsa kotu da kansa, ya daina tambayar yara.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ƙirgar safe, kafin a kawo gabza. Da an ji ƙarar kwano, karatu ya tashi.

Kayan aiki ba wuya: gawayi da daɓen siminti sun isa farawa. Alli da littafin rubutu sai masu ziyara su kawo, a duba su a ƙofa. Reza haramun ce, a jikin siminti muke feƙe fensir.

Kada malami ya karɓi komai. Ko sabulu, ko garin kwaki, ko sukari. Mun taɓa yin sakaci wani ya fara karɓa, kafin mako ya zagayo waɗanda ba a kawo musu ziyara duk sun janye, su ne kuwa suka fi buƙata.

Masu takardar firamare ko waɗanda suka bar sakandare a hanya, ka ware su don jarrabawar NECO ko WAEC. Kuɗin rajista yakan fito daga dangi ko masu taimako, jami'in walwala ne ke shige gaba. Wanda ya ci darasi biyar har da Turanci da lissafi zai iya neman jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda ta yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta, kuma tana da cibiyoyi a gidajen yari irin su Kuje a Abuja da Kirikiri a Legas.

Sai ka ajiye rajistar sunayen ɗalibai, kuma kowane malami ya samu mataimaki tun ranar farko, domin mai jiran shari'a bai san ranar tafiyarsa ba. Ni da safe aka kira sunana zuwa kotu, daga can gida na wuce. Rajistar tana ƙarƙashin tabarmata, telan ya san wurin. Da na koma ziyara bayan Sallah, na tarar ya kai ɗalibai jadawalin sau bakwai a lissafi.